Hasken Leza da Jini: Abin da Yake Yi da Abin da Ake Jingina Masa

Jakar wasiƙunmu ta wannan wata ta cika da tambayoyi daga Sakkwato, kuma huɗu daga ciki, duk da cewa masu su ba su san juna ba, a kan abu ɗaya suka faɗa, wato hasken nan da ake kira leza da alaƙarsa da jini. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma shekara takwas ke nan yana shan maganin hawan jini. Kwanakin baya wani mai talla ya zo ƙofar gidanmu da wani abu mai kama da agogo, wanda ake ɗaurawa a wuyan hannu yana fitar da jan haske, haɗe da wata 'yar waya da ake cusawa a hanci. Ya soki yatsan Baba, ya ɗiga jinin a kan gilashi, ya nuna mana a allon kwamfuta, sai muka ga ƙwayoyin jinin sun liƙe da juna kamar an jera kwabbai. Bayan Baba ya ɗaura agogon na rabin awa ya sake ɗiba, sai ga su a warwatse. Ya ce jinin Baba ne ya yi kauri, leza kuma ta tsinka shi. Yanzu Baba yana cewa da zarar an saya masa agogon zai ajiye maganin asibiti. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Kafin komai, ka lallashe shi kada ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya saboda wannan agogo, domin hawan jini ciwo ne da ba ya yin sallama, mutum yana jin kansa garau sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Hasken rana ko na ƙwan lantarki gaurayen launuka ne, kuma yana bazuwa ko'ina, amma na leza launi ɗaya ne tak, yana tafiya a miƙe a tattare kamar zare. Masu sauraren rediyo sun san kowace tasha da mitar da ake kama ta. Haka kowane launi yake da tsawon zangonsa, sai dai shi da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Shuɗi yana wajen 450, kore wajen 530, rawaya wajen 580, ja kuma ya kama daga 630 zuwa 700. Agogunan da ake tallatawa yawanci a kan 650 suke. Ita kanta na'urar leza ba tsohuwa ba ce, domin a shekarar 1960 wani masanin Amurka mai suna Theodore Maiman ya kunna ta farko.

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na wannan jini jajayen ƙwayoyi ne. Kowace ƙwaya siffarta kamar masa ce da aka lotsa tsakiyarta ta fuska biyu, kuma ƙanƙantarta ta kai sai an jera kimanin 130 kafin su cika milimita ɗaya. Ɓargo yana ƙera kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace kuma tana yin kimanin kwana 120 tana zagaya jiki kafin saifa ta tsame ta. Aikinta dakon iskar oksijin ne daga huhu zuwa sassan jiki, kuma abin da ke riƙe iskar a cikinta shi ne sinadarin himogulobin. A kan hanyarta akwai siraran jijiyoyin da suka fi ta ƙunci, dole ta lanƙwashe ta matse kafin ta wuce, sa'annan ta koma siffarta. Saboda haka gudanar jini ta dogara ga faɗin hanyoyinsa, da laushin ƙwayoyin, da yawansu, da kuma yadda suke manne wa juna.

Akwai gwajin da za ka yi yau da dare ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka kashe fitila, ka kunna tocilar wayarka, ka ɗora yatsa a kai. Hasken da ya shiga fari ne, wanda ya fito ta farce kuwa jawur. Himogulobin ne ya shanye shuɗi da kore da rawaya, ya bar ja ya wuce, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa jini yake ja. Ashe ke nan jan haske shi ne wanda jajayen ƙwayoyin jini suka fi ƙarancin sha. Masu ƙera agogon sun zaɓe shi ne domin ya fi sauran launuka ratsa fata, amma ko shi ɗin 'yan milimitoci kaɗan yake shiga kafin ya watse ya yi rauni, kuma a fata irin tamu baƙin sinadarin da ke ba ta launi yana tare wani kaso tun a bakin ƙofa.

Ƙarfinsa ma abin dubawa ne. Kowane ɗan ƙwan haske a jikin irin waɗannan agoguna yawanci bai wuce miliwat 5 ba. Ranar Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu, idan sama ta yi tas, tana zuba kusan miliwat 100 a kan fili mai faɗin farcen yatsa, kuma wani kaso mai kauri na wannan haske ja ne. Manomin albasa da ke wuni a fadama, da ɗan dakon Babbar Kasuwa, sun fi mai agogon shan jan haske nesa ba kusa ba, amma hawan jini bai ƙyale su ba.

Duk da haka ba zan ce maganar ba ta da tushe ko kaɗan ba, domin ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1967 wani likitan tiyata a ƙasar Hangari, Endre Mester, ya aske bayan wasu ɓeraye ya haska musu leza marar ƙarfi, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan aka shiga binciken yadda ƙaramin haske, wanda bai kai ya ƙona ba, yake taɓa ƙwayoyin halitta. A farkon shekarun 1980 likitocin tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka ƙara gaba, suna zura siririn zaren gilashi a cikin jijiyar hannu suna haska jinin kai tsaye da jan haske mai ƙarfin miliwat 1 zuwa 3. Agogon da aka kawo muku jikan wannan dabara ne, sai dai shi daga waje yake haskawa. Bayanin da masu goyon bayan hanyar suka fi yi shi ne, jan haske yana zaburar da wasu 'yan injina da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, waɗanda ake kira maitokondiriya. Matsalar ita ce, jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da waɗannan injina, tun kafin ta gama nuna take zubar da su. Bayani na biyu ya fi kama hankali, wato cewa haske yana sakin iskar naitirik oksaid, wadda ke sa hanyoyin jini su saki jiki su buɗe. Wannan iska aikinta tabbatacce ne, a kanta aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998, kuma ɗaya daga cikinsu, Robert Furchgott, ya daɗe da lura cewa yankin jijiyar zomo da aka ajiye a ɗakin gwaji yana saki idan haske ya sauka a kansa. To amma buɗewar hanyoyin jini na ɗan lokaci a wurin da aka haska daban, saukar da hawan jini na jiki baki ɗaya daban. Ruwan ɗumi ma yana buɗe hanyoyin jinin hannu.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan jinin da aka zuba a kwalba sun saɓa wa juna: wasu sun ga ƙwayoyin sun ɗan ƙara laushi, wasu ba su ga canji ba, kuma idan hasken ya yi yawa ƙwayoyin fashewa suke yi. Waɗanda aka yi a kan mutane yawancinsu ƙanana ne, na gajeren lokaci. Babu wani babban gwaji ingantacce da ya nuna agogon leza yana hana shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, alhali magungunan da Baba yake sha an gwada su a kan dubban mutane shekara da shekaru, an kuma ga sun hana. Inda ƙaramar leza ta sami shaida mai ƙarfi har ƙungiyoyin likitoci suka amince da ita shi ne wajen rage gyambon baki ga masu ciwon daji da ake yi wa gashi ko magani mai ƙarfi, kuma wannan a asibiti ake yi, da awo.

Saura abin da kuka gani a allo, wanda na san shi ya fi kama zuciyar Baba, tunda an ce gani ya kori ji. Jeruwar ƙwayoyi kamar kwabbai ɗabi'ar jinin kowa ce. Duk lokacin da jini ya tsaya cik ko ya rage gudu, wasu sinadaran da ke cikin ruwansa suna sa ƙwayoyin su jingina da juna, da ya motsa kuma sai su rabu. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwajin jini ya san cewa a kan gilashi ɗaya, daga ɗigo ɗaya, inda jinin ya taru da kauri za a gan su a liƙe, inda ya baje siriri kuma za a gan su ɗai-ɗai. Girman ɗigon, da mintunan da ya yi kafin a duba, da yadda aka danna murfin gilashin, da gefen da aka karkata madubin da ke ƙara wa ƙwayoyin girma, kowanne yana canza hoton. Mai riƙe da madubin shi ke zaɓar abin da za ku gani. Idan ya dawo, ka ce ya ɗebi ɗigo biyu a jere ba tare da an ɗaura agogon ba, ya kuma zagaya da madubin daga wannan gefen gilashi zuwa wancan kuna kallo. Ina kyautata zaton ba zai so wannan sharaɗi ba.

Daɗin daɗawa, hawan jini a mafi yawan mutane ba daga kaurin jini yake ba. Daga tsukewa da taurin hanyoyin jini ne, da yadda ƙoda ke riƙe gishiri da ruwa, da gado, da shekaru. Idan ana zargin jini ya yi yawa ko ya yi kaɗan, gwajin PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, da ake yi a kowane asibiti yana nunawa cikin 'yan mintuna. Kuɗin agogon gara a sayi na'urar awon jini ta gida, a riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma, a rage gishiri da dunƙulen miya a abincin Baba, a tafi da takardar ranar ganin likita. Hukumar NAFDAC ce ke rajistar na'urorin lafiya a ƙasar nan, kuma kayan da ba su da lambarta ba abin kusanta ba ne, ko da yake lambar ma ba shaida ba ce a kan duk abin da mai talla ya faɗa da bakinsa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗiyata tana da shekara tara, tana da sikila mai SS, kuma duk lokacin hunturu ba ma rabuwa da asibiti. Wata maƙwabciyata ta ce ta ji ana haska jini da leza ƙwayoyin da suka lanƙwashe su miƙe. Don Allah akwai inda ake yin haka? Daga wata malamar makaranta, Runjin Sambo.

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba yarinya lafiya. Babu hasken da ke miƙar da ƙwayar sikila, kuma duk wanda ya nemi kuɗinki da wannan alkawari, kada ki ba shi.

Lanƙwasar daga ciki take. Himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane a wuri ɗaya tak cikin sarƙar ginuwarsa, kuma wannan ɗan bambanci yana sa da zarar ya sauke iskar oksijin sai ya riƙa haɗuwa da 'yan uwansa suna zama dogayen sanduna masu tauri. Sandunan ne ke tura bangon ƙwayar ta koma kamar lauje. Irin wannan ƙwaya ba ta iya matsewa ta wuce siraran hanyoyi, sai ta toshe su, ciwon ƙashi ya tashi, kuma maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 kawai take yi ta mutu, shi ya sa jini ba ya isa. Umarnin ƙera wannan himogulobin a rubuce yake a cikin ɓargo, an gaje shi daga uwa da uba, ko an haska jinin yau, gobe ɓargo zai sake turo irinsa. Ba ke kaɗai ba ce a wannan gwagwarmaya, domin kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a ƙasar nan kowace shekara.

Wani abin mamaki shi ne, a ɗakin bincike an yi amfani da leza ne wajen haddasa lanƙwasar da gangan. A shekarun 1980 masu bincike a Amurka sukan cika himogulobin na sikila da wata iska da ke zama a gurbin oksijin, sa'annan su harba leza ta fizge iskar farat ɗaya, su zuba ido su auna lokacin da sandunan suke ɗauka kafin su fara haɗuwa. Ta haka aka ƙara fahimtar cewa akwai ɗan jinkiri kafin su haɗu, kuma idan ƙwaya ta samu ta fice daga siririyar hanya kafin jinkirin ya ƙare, ta tsira a wannan zagaye. Duk abin da ya tsawaita jinkirin taimako ne, kuma maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila haka yake yi, ta hanyar ƙara irin himogulobin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya shiga sandunan. Akwai kuma na'urar da ke juya jini a cikin ruwa mai yauƙi tana ratsa shi da leza, inuwar da ta fito a allo ta nuna yawan miƙewar ƙwayoyin: masu laushi suna ba da inuwa doguwa kamar ƙwai, masu tauri kuma tasu ba ta miƙewa sosai. Haka nan a 1986 Arthur Ashkin ya gano yadda ake kama ƙananan abubuwa da hasken leza kamar da hantsaki, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 2018 yana da shekara 96, kuma da wannan hantsakin haske aka ja ƙwayar jini ɗaya ta gefe biyu, aka tabbatar cewa wadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta shiga tana yin tauri ninkin ba ninkin. Duk wannan awo ne da bincike, ba magani ba.

Abin da zai amfani ɗiyarki kin riga kin san yawancinsa: ruwa da yawa, musamman a zafin bazara, rigar sanyi da ruwan ɗumi a hunturu, gidan sauro, alluran rigakafi, da magungunan yau da kullum da aka rubuta mata. Ki tambayi likitocinta a sashen yara, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ta cancanci haidiroksiyuriya, ki kuma yi musu maganar hoton jijiyoyin kai da ake so a riƙa yi wa masu SS daga shekara 2 zuwa 16 domin gano masu haɗarin shanyewar jiki. Shi wannan da sauti ake yin sa, ba da haske ba. Hanyar warkewa da aka sani ita ce dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, da kuma gyaran ƙwayar gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa. Idan ta ƙara girma a riƙa duba mata bayan ido, domin sikila tana taɓa jijiyoyin wurin, kuma a nan ne kaɗai za ki iya jin likita ya ambaci leza da hujja.

Tambaya: Likita, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shekara 15 ina da ciwon suga. Likitan ido ya ce wasu sababbin jijiyoyi sun tsiro a bayan idona, sai an yi mini leza. Abokan zamana a majalisa sun ce ƙona ido ake yi, wani ma ya ce ya san wanda aka yi wa bai sake gani ba. Na kasa yanke shawara. Daga wani dattijo, Arkilla.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya, kuma ba zan ɓoye maka ba: ƙuna ce, amma ƙuna ce da aka auna wurinta da girmanta.

A nan ne ake ganin ainihin ƙarfin leza a kan jini da naman jiki. Idan aka tattara haske mai ƙarfi a ɗan ƙaramin wuri, abin da ya sha hasken yana yin zafi nan take. Bangon jar ƙwayar jini yana fara lalacewa idan zafinta ya kai digiri 49, daga 60 zuwa 70 kuma jini yana daskarewa kamar yadda farin ƙwai yake kamewa a kaskon mai shayi. Kada wannan ya tsorata mutanen garin da zafinsa ke haura digiri 40, domin gumi yana riƙe jinin jiki a wajen 37. A 1983 likitoci biyu a Amurka, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana yadda za a zaɓi launin da jini ya fi sha, a harba shi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, jijiyar ta ƙone ta rufe ba tare da zafin ya kai ga naman da ke kewaye da ita ba. Da rawayan haske mai nanomita 585 ko 595 ake dusar da jan tabon da ake haihuwar wasu yara da shi. A baƙar fata aikin yana buƙatar gwani, domin fatar ma tana shan hasken, tana iya ƙonewa ko ta canza launi, shi ya sa akan koma ga leza mai dogon zango, nanomita 1064. Kumburarrun jijiyoyin ƙafa ma ana zura musu zaren gilashi a ƙone su daga ciki, jini ya koma ta lafiyayyun hanyoyi.

Aikin idonka yana da nasa salo. Suga ya toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shimfiɗar bayan ido, wurin ya shiga yunwar iska, sai ya riƙa fitar da wani sinadari mai kiran a tsiro da sababbin jijiyoyi. Su kuwa sababbin ba su da ƙwari, suna fashewa su zubar da jini a cikin ido, ko su yi tabo su janyo shimfiɗar ta ɓalle. Likita zai ɗiga maka maganin kashe zafi, ya ɗora wani ɗan gilashi a kan idon, ya yi amfani da koren haske, yawanci mai nanomita 532, ya ɗiɗɗiga ƙananan ƙuna fiye da dubu a gefe-gefen shimfiɗar, sau da yawa a zama biyu ko uku, ya kauce wa tsakiyar da kake karatu da gane fuska da ita. Da bakunan da ke neman iska suka ragu, kiran yana lafawa, sababbin jijiyoyin su ƙanƙance. Dabarar ta girmi leza, domin a 1949 wani likitan ido na Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, wanda ya lura da tabon da kallon husufin rana ke bari a ido, ya yi irin wannan ƙuna da hasken rana da ya tattara ta madubi. Babban gwajin da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna aikin yana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi.

Yana da nasa farashi. Ganin gefe da ganin dare sukan ragu, kuma idon yakan yi hazo na 'yan kwanaki. Ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi, tsare wanda ya rage yake yi, kuma yawancin labaran an yi wa wane ya makance na waɗanda suka je ne bayan jini ya riga ya zuba. Akwai kuma allurar da ake yi a cikin ido mai kashe wancan sinadari, sai dai ana maimaita ta kuma tana da tsada, likitanka zai faɗa maka wadda ta fi dacewa da kai. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka nemi ra'ayin likitan ido na biyu, ko a nan Sakkwato ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, amma a cikin makonni, kada a kai watanni.

Tambaya: Likita, abin nan mai jan haske da ake maƙala wa majinyaci a yatsa, shi ma leza ne? Kuma da gaske ana iya auna gudun jini da haske? Daga wata ɗalibar koyon aikin jinya, Gawon Nama.

Amsa: 'Yata, ba leza ba ne, ƙananan fitilu biyu ne, ɗaya ja mai nanomita 660, ɗaya kuma mai 940 da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin yana barin ja ya wuce, wanda ya sauke iskarsa kuma ya fi shan ja, shi ya sa jinin da kike ɗiba a jijiyar hannu ya fi duhu. Na'urar tana kwatanta hasken biyu a kowane bugun zuciya ta fitar da lissafi, kuma wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Ki riƙe cewa yatsa mai sanyi da jan farce mai duhu suna rikita ta, kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna tana yawan nuna wa masu baƙar fata adadin da ya ɗara na gaskiya. Idan majinyaci yana haki, lambar da ke allo kuma tana cewa lafiya, majinyacin za ki gaskata, ki kira likita.

Awon gudu kuwa da leza ake yin sa. Kin san yadda jiniyar motar asibiti take ƙara kaifi idan ta nufo ki, ta kuma yi kauri idan ta wuce. Christian Doppler ne ya bayyana dalilin haka a 1842, kuma haske ma haka yake yi: wanda ya faɗa a kan ƙwayar jini mai tafiya yana dawowa da ɗan canji a zangonsa, wanda ya faɗa a kan naman da ke tsaye kuma yana dawowa yadda ya tafi. Daga wannan bambanci ake lissafa yawan ƙwayoyin da ke motsi da saurinsu, a zurfin da bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Hasken ba shi da ƙarfin da zai canza jinin, leƙe kawai yake yi. A manyan asibitocin da ke da na'urar, ana haska fatar wanda ya ƙone kwana biyu zuwa biyar bayan ƙunar, hoton ya fito da launuka: inda jini ke gudana sosai akan bar shi ya warke da kansa, inda ya ɗauke kuma a shirya dashen fata.